Fashin Baƙi: Wai tsoho yana kaɗaici a ƙauye? Abin da kullen korona ya bankaɗo

Wai tsoho yana kaɗaici a ƙauye? Tambayar ta sake tasowa ne bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a watan Yunin 2025, inda ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, ta kuma alaƙanta mutuwar mutum sama da 870,000 a kowace shekara da shi. Amsar da na fi ji a majalisu ita ce: "Wannan ai ta Turawa ce, su da ke kai iyayensu gidan gajiyayyu. Mu tsohonmu yana tsakiyar jikoki, ina zai ga kaɗaici?"

Akwai gaskiya a maganar, amma rabi ce. Rahoton da kansa ya zo da akasin zatonmu: a ƙasashe matalauta kusan kashi 24 cikin 100 ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kusan kashi 11. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Watannin kullen korona na 2020 sun yi wa tsofaffin ƙauyukan Kano da Jigawa abin da har yau ba mu zauna mun lissafa ba, domin lissafin da aka yi na gawa ne da na waɗanda aka gwada. Wanda bai kamu ba, bai mutu ba, amma ya fito daga kullen ba yadda ya shiga ba, babu rajistar da aka sa sunansa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Warewa daban, kaɗaici daban. Warewa abu ne da ake iya ƙirgawa: mutum nawa ka gani a makon nan, wa ya leƙo ka, wa za ka aika wa idan jiki ya motsa cikin dare. Kaɗaici kuwa a zuci yake. Giɓi ne tsakanin mu'amalar da mutum yake so da wadda yake samu. Shi ya sa za ka ga makiyayi yana wuni a daji da shanunsa ba ya kukan komai, ka kuma ga dattijo a gida mai mutum talatin yana cewa "duk sun tafi sun bar ni". Su wa suka tafi? Sa'o'insa. Waɗanda aka yi musu shayi tare, suka yi ci-rani tare, waɗanda in ya ambaci farin 1973 ba sai ya tsaya bayani ba. Jika yana ɗebe kewa, amma ba ya maye gurbin sa'a.

Sai kuma abin da masana ke kira ingancin rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna shi ta fuska huɗu: lafiyar jiki, kwanciyar hankali, hulɗa da mutane, da yanayin da mutum yake zaune a ciki, wato abin hannu, tsaro da sauƙin zuwa asibiti. Abin lura a wannan ma'auni shi ne mai rayuwar ake tambaya yadda yake ganinta, ba 'ya'yansa ba. A nan muke yawan tuntuɓe. Ka tambayi magidanci yaya Baba, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yana ci yana sha, ba abin da ya rasa." Tuwo dai ana kai masa. Ko akwai wanda ya nemi shawararsa a watan nan, wannan ba ya shiga lissafi.

Inda rayuwar tsoho ta rataya

Dattijon ƙauye kwana kawai yake yi a ɗaki, yininsa a waje yake. Sahun gaba a masallaci sau biyar, dakalin ƙofar gida ko gindin darbejiya bayan la'asar, ƙofar mai unguwa idan ana sulhun iyakar gona, jana'iza da zaman makoki, ɗaurin aure, raɗin suna. Da magariba ta yi a fito da kwanuka a yi ciyayya da maƙwabta. Sai ranar kasuwa. A waɗannan wuraren yake jin labari, a nan ake neman bakinsa, kuma a nan ake fara gane ba shi da lafiya, domin idan ba a gan shi a sallar asuba ba, kafin hantsi an aiko yaro ya duba. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan da sunan kula da tsofaffi, amma aikin da yake yi ke nan.

Ta tsohuwa ma ta fi ban sha'awa. Matan aure a gidaje da dama suna cikin kulle tun kafin a san wata korona, tsohuwa ce ƙafarsu. Ita ke ɗaukar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa ta kai gida-gida ko kasuwa, ita ke karɓar zubin adashi, ita ke dillancin zannuwa da kwanuka idan za a yi wa yarinya kayan ɗaki. Ita ce ungozoma, ita ke tsaya wa mai jego a kan wankanta har ta yi arba'in, ita ke wankan gawar mace. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma da ita take sayen goronta da sabulunta ba tare da ta miƙa wa suruka hannu ba. Ranar da aka ce ta zauna a gida, an kwance mata sana'a da matsayi a lokaci guda.

Yadda abin ya gudana a 2020

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Ta iso Kano a hukumance ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sa dokar zaman gida daga ranar 16, sannan a ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle jihar na mako biyu, wanda aka yi ta tsawaitawa. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, cikin tsananin bazara. A watan ne masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ana kyautata zaton korona na da hannu a kashi 50 zuwa 60 cikin 100, kuma mafi yawansu sun haura shekara 65. A lura da kyau: takwas na cikin birni. Kano tana da ƙananan hukumomi 44.

Jigawa, ƙarƙashin Muhammad Badaru Abubakar, ta riƙa kulle wuraren da cutar ta ɓulla, irin su Kazaure da Dutse, ta kuma rufe kasuwannin mako. A Haɗejia ma an yi ta mace-macen tsofaffi har sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike.

Gaskiyar magana, a ƙananan ƙauyuka dokar ba ta kankama ba. Ba ɗan sandan da zai bi rugage da unguwanni ya hana mutum goma jam'i a masallacin ƙasa, kuma da ruwan shuka ya sauka kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Shi ya sa har yau wasu ke cewa korona ba ta je ƙauye ba. Ta je, sai dai ta ƙofar baya ta shiga.

Ta shiga ta kasuwa. Mutumin karkara da kasuwa yake ƙirga kwanaki: Litinin Shuwarin, Talata Sara, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu ko Dambatta. Maigatari ma dama tana cikin wani hali, tunda an rufe iyakokin ƙasa tun Agustan 2019, ba a buɗe tata ba sai Disambar 2020. Ta shiga kuma ta aljihun 'yan ci-rani. Samarin da ke acaɓa a Legas an hana su aiki a manyan unguwanni tun 1 ga Fabrairu, kulle ya biyo baya a ƙarshen Maris, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Ɗan abin da ake aiko wa Inna duk wata ya yanke, shi ma mai aikowar ba halin ya zo.

Lahadi uku

Ina da baffa a wani ƙauye a yankin Ringim. A lokacin ya haura saba'in, kuma dillalin tumaki ne a Gujungu tun kafin a haife ni. La'adar da yake samu ba ita ke riƙe da gida ba, 'ya'yansa ne ke noma. Amma da ita yake sayen goro, da ƙwayar hawan jini ta mako a kemis, da alewar da jikoki ke tare shi a bakin hanya dominta. Da aka rufe kasuwa, an ba ni labari, Lahadin farko ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya zauna a zaure har azahar. Ta biyu ma haka. Ta uku bai sa rigar ba.

Da hanya ta buɗe na je gaishe shi. Na same shi kishingiɗe a tabarma, rediyo a gefen kunne, ƙafafu sun ɗan tasa. Na durƙusa.

"Baffa, yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Ka zo lafiya? Wai yau wace rana ce?"

Mutumin da ke riƙe da farashin tunkiya na kasuwa uku a kansa ne yake tambayata rana. Na tambayi magani, ya ce ya ƙare tun cikin azumi, kuma ai ba ya jin komai. Hawan jini kuwa haka yake, ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ba wanda ya wulaƙanta shi a gidan nan. An ciyar da shi, an wanke masa kaya. Ba dai wanda ya lura cewa maganin da kasuwar tafiyarsu ɗaya.

To waya fa?

A Turai da Amurka an ce tsofaffi su koma ganawa da iyalansu ta bidiyo. A nan, dattijon da ke da waya ƙaramar ce, jika ke danna masa, sai an kai ta shagon mai caji, ga ji ya ragu. Gaisuwar ba ta wuce "ya gida, ya yara, a gaida kowa" kafin kati ya ƙare. Tsohuwa kuwa sau da yawa ba ta da tata. A wayar ɗanta ko ta surukarta ake kira, mai wayar yana tsaye a kanta yana jira. Wace uwa ce za ta gaya wa 'yarta da ke aure a Zariya abin da ke damunta, alhali wadda take ƙorafi a kanta ce ke riƙe mata wayar a kunne?

Rediyo ce ta yi rawar gani, ita ce abokiyar hira. Sai dai a watannin nan abin da take kawowa safe da yamma shi ne adadin waɗanda suka kamu, da sanarwar rasuwar manyan mutane, ana ta nanata cewa cutar tsofaffi take ɗauka. Ka ƙaddara kai ne mai shekara saba'in da biyar, kana kwance kai kaɗai kana jin wannan.

Abin da zaman shiru ke yi wa jiki

Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, ya gano cewa masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi marasa ita yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100. Hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Tsohon da ya daina taka ƙafa zuwa masallaci da kasuwa, naman cinyarsa yana zubewa cikin makonni, kuma maido shi a wannan shekaru aiki ne ja. Daga nan sai jiri, sai faɗuwa a banɗaki, sai karayar ƙugu, wadda tsofaffi da yawa ba sa tashi daga ita. Wanda ya saba ciyayya, in aka ajiye masa kwano shi kaɗai, loma uku yake yi ya ture. Barci ya rikice. Masana gigin tsufa kuma, a wani babban rahoto na mujallar Lancet a 2020, sun sa warewa daga mutane da raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da shi.

Ciwon damuwa ma yana nan, duk da ba mu cika kiransa da sunansa ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a kan tsofaffi a ƙasar Yarbawa, wanda aka buga a 2007, ya samu cewa kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin fama da shi mai tsanani a rayuwarsa. Su ma mutane ne masu zaman dangi kamar mu. A wajenmu tsoho ba zai ce yana cikin damuwa ba, kada a ce ya kasa tawakkali. Cewa zai yi jikinsa ya mutu, ko bakinsa ba ɗanɗano, ko ƙirjinsa ya yi nauyi. Mu kuma sai mu ce rikicin tsufa ne, mu sayo masa maganin shawara.

Masu cewa a rufe da masu cewa a buɗe

Waɗanda suka goyi bayan rufewa ba su yi ƙarya ba. Korona ta fi kisa a kan masu shekaru da masu ciwon suga da hawan jini, kuma a Afrilun 2020 babu rigakafi. Alluran farko ba su sauka Abuja ba sai 2 ga Maris ɗin 2021. Sun kuma kafa hujja da addini: hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka ko fita daga cikinta, da komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Ga Harami ma an rufe.

Masu adawa su ma suna da abin faɗa. Wanda sai ya fita zai ci, in ka ce ya zauna, me ka ba shi? Ga kuma tsohon miki. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, shari'ar ba ta kai ga sulhu ba sai 2009. Tsofaffin yau su ne iyayen wancan lokaci. In suka yi ɗari-ɗari da abin da hukuma ta kawo, ba daga sama suka tsinto shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne duka ɓangarorin a kan tsoho suke magana, ba wanda ya tambaye shi. Aka ɗauko shawarar "a nisanta jikoki da kakanni" daga ƙasashen da kaka ke da gidanta ita kaɗai, aka karanta mana a rediyo. A gidan Bahaushe yaron da aka yaye a ɗakin kaka yake kwana, a bayanta yake barci, shi ne "maigidanta" da take tsokana da safe. Wa zai raba su, kuma a kai shi ina? Daga baya ilimi ya tabbatar da cewa cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri, a sarari kuwa haɗarin ya ragu ƙwarai. Ke nan dakalin da aka kori tsoho daga kai ya fi masa aminci a kan ɗakin da aka tura shi, mai 'yar taga ɗaya da mutum shida. A ganina da an bar salla a fili da tazara, an bar majalisar gindin bishiya, an bar ciyayya kowa da kwanonsa, da an rage ɓarna ba tare da an ƙara haɗari sosai ba. Ban ce a watan farko an san haka ba. Amma an daɗe ana maimaita dokar bayan an sani.

Akwai wata asara da ba a cika ambata ba. A 2020 da 2021 ba maniyyacin da ya tashi daga Najeriya zuwa Hajji. Da aka buɗe a 2022, Saudiyya ta ce sai wanda bai haura shekara 65 ba, kujerun Najeriya kuma suka dawo kusan 43,000 maimakon 95,000 da aka saba. Manomin da ya yi shekara ashirin yana tara wa wannan tafiya, ya sayar da shanun huɗa ya biya, sai aka ce shekarunsa sun wuce. An ɗage sharaɗin a 2023, amma kuɗin kujera ya riga ya yi sama, wasu kuma ƙasa ta rufe musu ido.

Wa zai leƙa tsoho in ta sake faruwa?

A takarda akwai tanadi. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A lokacin kulle gwamnatin tarayya ta biya waɗanda ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi Naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule. Amma tallafi irin wannan na mai suna a rajista ne, kuma mai ƙafar bin layi. Fansho na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi da dillali da mai daddawa, fanshonsu 'ya'yansu ne, kuma mun ga yadda annoba ke karya 'ya'yan da iyayen a rana ɗaya.

Annoba kuwa ba ta yi ban kwana ba. An ɗage dokar ta-ɓaci ta korona a duniya ranar 5 ga Mayun 2023, a shekarar da mashaƙo ya addabi Kano, sanƙarau kuma ya taɓa Jigawa. Wata za ta zo, kuma za a sake tunanin rufe kasuwa da masallaci. Abin da ake buƙata ba sabon ofis ba ne. Mai unguwa da liman sun san kowane tsoho a unguwarsu, sun san wanda ba shi da ɗa a kusa, sun san gwauruwar da ke zaune a kangon mijinta. Matan da suka yi shekaru suna bi gida-gida don allurar shan inna sun san kowace ƙofa. Da za a ba su na'urar awon jini, a kuma ba mai hawan jini maganin wata uku a lokaci guda maimakon na mako, da an toshe babbar kafa. Kafin a rufe kasuwa kuma, a tambaya: waɗanda wannan kasuwa ce kemis ɗinsu, ina za su?

Baffa yana nan da ransa. Da aka buɗe Gujungu ya koma, ɗansa ya goya shi a mashin. Biyu daga cikin abokan dillancinsa ba su dawo ba, ɗaya ya rasu a cikin azumin, ɗaya ƙafa ta ƙi. Masu saye da suka saba nemansa sun riga sun koma wajen wani yaro da ke tura musu hoton rago ta WhatsApp su daidaita kafin su baro gida. Yanzu sau ɗaya yake zuwa a wata, ya zauna a rumfar mai shayi, in an ja tunkiya ta gabansa ya bi ta da ido ya faɗi kuɗinta a hankali, ba tare da an tambaye shi ba.